Littafin aikin kare gidanmu daga wutar daji, ranin 2024 zuwa 2025

Lahadi, 13 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta abin da muka yi, da abin da muka kashe, da inda muka yi kuskure, a aikin gyaran gidanmu da ke bakin gari tsakanin Pitoa da tsaunin Tinguelin, a arewacin Kamaru. Mu ne gidan ƙarshe ta fuskar arewa maso gabas, wato ta inda iskar hunturu ke shigowa, kuma daga bayan zanarmu sai gonar masara, sai gangare zuwa kwari, sai daji.

A watan Fabrairun bana wuta ta taso daga wannan kwarin da azahar, ta cinye gidan maƙwabcinmu ƙurmus: ɗakuna uku na jinka, da rumbu biyu cike da dawa, da awaki huɗu da ke ɗaure a turke. Allah ya kiyaye, ba a rasa ran mutum ba. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da na gani washegari da na bi sawun wutar, domin harshenta bai isa gidan ba sam. Ta mutu ne a bakin gonar audugar da aka riga aka share, taku saba'in da ɗoriya daga zanarsa, ƙasar da ke tsakani kuma ko ɗigon baƙi babu a kanta. Tartsatsi da guntayen ciyawa masu ci ne iska ta ɗebo ta zuba a kan jinka da gindin zana, gida ya kama a bayan mutane, su kuwa suna can bakin gona suna bugun wuta da ganye.

Da na ba ɗan yayata labari, wanda ke karatu a jami'ar Ngaundare, sai ya ce abin da na gani sananne ne ga masu nazarin gobara. Wani mai bincike a hukumar gandun daji ta Amurka, Jack Cohen, ya nuna tun a shekarun 1990 cewa ƙonewar gida ko tsirarsa ta rataya ne a kan kayan da aka gina shi da su, da abin da ke kewaye da shi har zuwa kimanin mita 30, kuma yawancin gidajen da wutar daji ke ci tartsatsi ne ke kunna su.

Daminar bana ta yi ruwa fiye da kima, har ambaliya ta yi ɓarna a Yagwa da Chadi da Maiduguri. Mu a nan rabonmu ciyawa ne: gamba ta fi tsayin mutum a kwarin, kyasuwa ta rufe gefen gona, kuma nan da mako shida duk za ta bushe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Na ware sefa 600,000 daga kuɗin masarar bara da ɗan abin da na tara, ina fatan a gama manyan ayyuka kafin ƙarshen Disamba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na yanko sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, domin shi ne faɗin da masana suka ce a bar shi fayau a gindin kowane bango, babu abin da wuta za ta ci a cikinsa. Na zagaya ɗakuna da ita bayan sallar asuba, duk abin da sanda ta taɓa na rubuta shi. A bayan ɗakina na sami itacen girki jingine da bango, da tsohuwar tayar babur, da jarkar fetur da yara suka ɓoye wa rana. A kusurwar madafa busassun ganyen darbejiya sun taru har sun kai idon sawu, kuma na lura cewa inda iska ke tara ganye, nan ne za ta tara tartsatsi, tunda hanya ɗaya suke bi. Rumfar harawa tana manne da ɗakin Inna, zana kuma ta tashi daga bakin gona ba yankewa har jikin zaure, kamar lagwanin da aka ja daga daji zuwa cikin gida.

Shekara goma sha ɗaya nake cikin wannan gida tun rasuwar mahaifinmu, ban taɓa kallonsa da wannan idon ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Kasuwar Pitoa. Lauje biyu, adda ɗaya, manjagara biyu, duka sefa 14,000. Na yi magana da masu buga bulon ƙasa, mun daidaita a kan guda 2,000, kowane sefa 30.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na je gaban jauro, wato mai unguwarmu, tare da maƙwabta huɗu a kan batun hanyar tare wuta, saboda gonakin da za ta ratsa ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma dokar gandun daji ta ƙasar nan, tun wadda aka yi a 1994, ta hana mutum kunna wutar da za ta iya ɓata daji ba tare da izini ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, abin da muke roƙo shi ne a share layi biyu, kowane faɗin mita uku, a bar ciyawa mita goma a tsakani, sa'an nan a ƙone ta tsakiyar tun da sauran ɗanyenta, yadda idan babbar wuta ta zo a Janairu za ta tarar babu abin ci." Ya amince, ya kuma ce zai sanar da ma'aikacin gandun daji.

Gardama ta taso daga inda ban zata ba. Wani dattijo da ke saƙar zana ya ce ciyawar da muke shirin ƙonewa ita ce abincin iyalinsa na rani, kuma gaskiya ya faɗa. Muka tsaya a kan cewa za a ba shi mako uku ya yanke iya abin da zai iya, shi da mata masu neman ciyawar jinka. Na san jinkirin yana da haɗari, domin kowace rana ciyawa ƙara bushewa take yi, amma ba na son hanyar da za ta tsare gidana ta zama sanadin yunwar wani.

Washegari za a yi gayyar sharar layukan. Abinci da goro sefa 22,000.

Talata, 5 ga Nuwamba

An samu asara a wajen bulo. Yumɓun da aka haƙo daga bakin kwari ya yi danƙo da yawa, ba a kuma cuɗa shi da isasshen yashi da yankakkiyar ciyawa ba, saboda haka da rana ta buge shi sai ya tsattsage, wani har yatsa na shiga. Kan a gama jimamin wannan, garken shanu ya ratsa wurin shanya da dare ya tattake layi biyu. Mun ƙirga guda 600 da ba za su yi gini ba. Tsohon maginin da zai yi mana aiki ya ɗebi ƙasar ya jiƙa, ya murza ta a tafin hannu ta miƙe kamar igiya ba ta katse ba, ya ce, "Malam, wannan ƙasar tukunya ce, ba ta gini ba. A ƙara mata yashi kashi ɗaya cikin uku, a bar kwaɓin ya kwana biyu, a kuma shanya a inuwa ranar farko." Ƙarin kuɗi sefa 18,000, da asarar kwana shida.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau ce ranar da na fi jin tsoro tun farkon aikin, domin dole in gaya wa Inna cewa za a sauke jinkar ɗakinta. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, kwanon da ka sa a ɗakinka ai tanda ce. Idan watan bazara ya kama, kai da kanka a ƙofar ɗakina kake shimfiɗa tabarma. Ni ba zan tsere wa wutar shekara ɗaya in faɗa ta kullum ba."

Ban sami abin da zan ce mata ba, saboda duk wanda ya yi Maris da Afrilu a yankin Garwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san jinka ba don talauci kaɗai ake yinta ba. Ɗakin jinka yana numfashi, na kwano kuwa yana tara zafi har tsakar dare. Magini ne ya raba gardamar. Ya ce a yi mata soro irin na dā, a jera azarar giginya, a shimfiɗa zana a kai, a danne da ƙasa mai kauri, sa'an nan a ɗora kwano daga sama da ɗan tazara, domin ruwan da muke samu a nan, wanda ke kai kimanin milimita 1,000 a shekara, ya fi ƙarfin rufin ƙasa tsirara in ba a yi masa yaɓe duk shekara ba. Ta haka kwano zai tare ruwa da tartsatsi, ƙasa kuma ta tare zafi, in ma wuta ta sami hanyar shiga ƙarƙashin kwano, ƙasa za ta tarar. Inna ta ce a gidan soro aka haife ta, ta yarda.

Na daɗe ina tunanin wannan da dare. Na fara aikin ina ganin maganin yana wajen Turawa da kayan kanti, sai ga shi rabinsa yana hannun tsohon da ya koyi gini wurin ubansa. Ƙasa ba ta cin wuta, kuma kakanninmu da suka cika birane da soraye sun san haka.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

An haƙa harsashin sabon ɗaki, mita uku da huɗu, an kuma fara katangar arewa maso gabas da za ta maye gurbin zana. Ba a yi aikin yamma ba, leburori biyu sun tafi kasuwar shanu ta Adoumri.

Talata, 19 ga Nuwamba

Mun ƙone ciyawar tsakiyar layuka, kuma saura ƙiris mu jawo wa gari abin da muke gudu. Zan rubuta shi dalla-dalla domin kada a maimaita.

Kuskure na farko nawa ne. An ce a jira iska ta kwanta bayan la'asar sakaliya, ni kuwa da na ga mutum goma sha biyu sun taru suna jira, sai na ce a fara da ƙarfe huɗu, alhali kan ciyawa yana rawa har lokacin. Na biyu, ƙa'idar wannan aiki ita ce a kunna daga gefen da iska ta nufa, wato gefen gida, yadda wuta za ta riƙa ja da baya tana fuskantar iska, ta ci a hankali, harshenta bai wuce gwiwa ba. Haka muka fara, kuma abin yana tafiya lafiya. Sai wani saurayi da ya ga kamar ana ɓata lokaci ya zagaya ƙasan gangare ya kunna ta can. Wuta idan ta sami iska a bayanta da tudu a gabanta ba ta da linzami, kuma ɗan yayata ya taɓa gaya mini cewa masu kashe gobara a Ostareliya suna lissafin saurinta yana ninkuwa a duk ƙarin digiri 10 na hawan tudu. Na ga haka da idona. Cikin abin da bai kai minti biyu ba harshen ya fi ni tsayi, yana ƙara kamar ana yayyaga sabon yadi, ya kwanta a kan layin mita ukun nan ya tsallake shi, ya kama tarin karan dawa a gonar maƙwabci.

Ba mu yi yunƙurin kashe tarin ba, mun kewaye shi ne muna bugun duk inda ta zubo da ɗanyen ganye da jiƙaƙƙen buhu har ya cinye kansa. Mutum ɗaya ya ƙone a damtse, an wanke da ruwan sanyi an kai shi asibiti, kuma da sauƙi. Na je gidan mai karan bayan isha na ba shi haƙuri, na biya sefa 15,000, ya karɓa da ƙyar.

Mako ukun da aka ba masu yankan ciyawa ya sa ta bushe fiye da yadda ake so. Ban yi nadamar ba su ba, amma baɗi za a buɗe musu yanka tun farkon Oktoba, a kuma faɗaɗa layin gefen gida zuwa mita biyar. Duk da haka hanyar ta samu: baƙar ƙasa mai faɗin mita 16 daga bakin hanyar mota har gindin tsamiya.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Na shiga Garwa sayen kwano. Yawancin kwanon da ake sayarwa a ƙasar nan na alminiyom ne, ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma shi ne a kan tsofaffin ɗakunanmu biyu. Amma na tuna tukwanen matar maƙwabcinmu, yadda muka tono su daga toka sun narke sun dunƙule kamar ƙullin tuwo. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, ƙarfe kuwa sai ya haura 1,400. A ganina tartsatsi kaɗai ba zai yi wa ko wanne komai ba, saboda haka ba zan cire na tsofaffin ɗakuna ba. Bambancin yana fitowa ne idan wani babban abu yana ci a kusa, ɗakin Inna da madafa kuwa su ne ke fuskantar kwari, don haka na saya musu na ƙarfe mai shafin zinki, duk da cewa wata rana zai nemi fenti.

Falle 24, kowane sefa 6,500, ya kama 156,000. Katako da ƙusa 60,000, kuɗin mota 10,000. Siminti buhu takwas, irin na masana'antar garin Figuil, 48,000.

Asabar, 7 ga Disamba

Katanga ta kai tsayin kafaɗa, an cire zanar wannan gefen gaba ɗaya. Makon nan ya tafi ne a kan ƙananan ƙofofin da ba wanda ke kula da su.

Da tsakar rana na shiga ɗakina na rufe ƙofa da taga, na tsaya har idona ya saba da duhu. Haske yana shigowa ta ƙarƙashin kowane lanƙwason kwano inda ya hau bango, da ta ƙarƙashin ƙofa, da ta ramukan shan iska guda huɗu. Duk inda haske ya bi, tartsatsi zai bi. Da kafinta ya ɗaga falle ɗaya muka leƙa saman silin, sai muka tarar da sheƙar tsuntsaye har guda bakwai, da ganye, da ƙurar shekaru a kan busasshen katako. Ɗakin da nake ganin ya tsira don yana da kwano ashe yana ɗauke da makamashinsa a ka. Mun kwashe buhu biyu da rabi, sa'an nan muka cike lanƙwasan da kwaɓin ƙasa da ɗan siminti.

A kan ramukan shan iska na yi asarar sefa 6,000, domin na aiki yaro ya sayo raga, ya kawo ta roba irin ta sauro. Na ɗauko garwashi ɗaya daga murhu na ɗora a kai a gaban kafinta, nan take ta tsuke ta huje. Aka koma aka sayo ta ƙarfe, sefa 18,000. Girman idon raga yana da muhimmanci: a Amurka ana ba da shawarar kada ya wuce kimanin milimita 3, ƙa'idar gini ta Ostareliya kuwa ta tsaya a milimita 2 ga gidajen da ke wuraren haɗari. Wadda muka samu kan ashana ba ya shiga idonta. Illarta ita ce ƙurar hunturu za ta riƙa toshe ta, sai an bi ta da buroshi lokaci-lokaci.

Alhamis, 12 ga Disamba

Tsakuwa lodi biyu, sefa 20,000. An zuba ta zagaye da ɗakuna, faɗin sandar nan tawa. An kafa fallen kwano a ƙasan ƙofofin katako.

Asabar, 21 ga Disamba

Rufin ɗakin Inna ya lotsa. Magini ya yi kwana uku yana fama da zazzaɓi, yaronsa ya ci gaba da aiki, ya jera azara daga bango zuwa bango, tsawon mita uku babu tokara, ya kuma ɗora ƙasa jiƙaƙƙiya gaba ɗaya a rana guda. Da safe muka ga tsakiya ta sauko kamar cikin ƙwarya, azara biyu sun yi ƙara sun tsage. Da tsohon ya zo ya gani bai ɗaga murya ba, ya dai auna da hannunsa ya ce azara ba ta son ta wuce kamu huɗu ba ta sami abin dogara ba, kuma ƙasar rufi bi da bi ake ɗora ta, a bar ta farko ta sha iska kafin a ƙara ta biyu.

An sauke ƙasar duka, an gitta babban gungume a tsakiya a kan ginshiƙai biyu da aka fitar daga jikin bango, yadda kowace azara ba ta wuce mita biyu ba. Azara 30 na farko sefa 60,000, ƙarin shida 12,000. Ba za mu gama a Disamba ba, kuma da dare ana hango jan wuta a kan tsauni.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Inna ta kwana a sabon ɗaki jiya, an kuma sauke tsohuwar jinka an kai ta can bakin masussuka. Ta ce ɗakin yana da ɗumi da asuba, sauran shaida sai bazara.

An mayar da harawa da kara da itacen girki yammacin gida, taku ashirin daga ɗaki mafi kusa, a gefen da iska za ta ɗauke tartsatsinsu zuwa fili idan sun kama. Matata ta yi ƙorafin nisan itace daga madafa, muka daidaita cewa za a riƙa shigo da na yini ɗaya kawai. An sassabe rassan darbejiyar da suka rufe kwano, an kuma datse ƙananan rassan sauran itatuwa har tsayin mita biyu, don kada wutar ƙasa ta sami tsanin hawa. Mangwaro biyu na bar su yadda suke, ganyensu ɗanye ne kuma suna rage ƙarfin iska, sai dai sharar ƙarƙashinsu ta zama ta kullum. Itacen turare da mahaifinmu ya dasa a bayan gida, wanda wasu ke kira zaiti, shi ne na sa aka sare, kuma ban ji daɗin hakan ba. Ganyensa mai ne da shi, ɓawonsa kuma yana saɓulewa dogo-dogo, irin abin da iska ke ɗauka da wuta a jikinsa ta kai nesa.

Rumbu ɗaya aka mayar rufewar ƙasa mai murfin kwano. Na biyun yana nan da hularsa ta ciyawa, kuɗi sun ƙare. Ganga biyu na ajiye ruwa, sefa 24,000, da buhunan algarara shida a kusa da su. Na rubuta lambar 'yan kwana-kwana, 118, a bangon zaure, ko da yake nisanmu da Garwa ya sa mu ne za mu fara tsayawa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Tun ranar 7 ga wata rediyo ke kawo labarin gobarar Los Anjelis, a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda iska mai ƙarfi ta kora wuta cikin unguwanni, gine-gine fiye da 10,000 suka ƙone. A jihar Kalifoniya ɗin nan ne wuta ta share garin Paradise a Nuwamban 2018, mutum 85 suka mutu. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar da wuta ke ci a duniya duk shekara a Afirka take, sai dai tamu wutar ciyawa ce, tana wucewa da sauri, abin da take ci kuma rumbu ne da bukka, waɗanda ba a kai labarinsu rediyo. A Los Anjelis ma, da wani gida ya kama shi ne ke kunna na kusa da shi, wannan ya sa na koma wurin maƙwabcinmu da ya sake yin jinka, na ba shi manjagara ɗaya da ragowar tsakuwa.

Laraba, 29 ga Janairu

Wuta ta zo yau wajen ƙarfe ɗaya na rana, daga can ƙasan kwari, inda aka ga masu farautar gafiya da safe. Hayaƙi muka fara gani, sa'an nan shirwa suna shawagi a gabansa suna kamun fara. Matata ta kwashi yara da Inna zuwa masallaci a tsakiyar gari kamar yadda muka tsara, aka kwance awaki, aka rufe tagogi. Ni da babban ɗana da wani ƙanena muka sa tufafin auduga, muka ɗaure hanci da jiƙaƙƙen rawani, kuma wannan karon ba mu tafi bakin gona ba, a cikin gida muka tsaya, kowa da buhunsa.

Da ta hau gangare ta iso baƙar hanyar nan sai harshenta ya faɗi, ta rabu biyu ta bi gefe. Amma kafin ta iso, da bayan ta mutu, kusan rabin sa'a tartsatsi yana zuba a tsakar gida, ana jin saukarsa a kan kwano kamar yayyafin farko. Wasu guntayen gamba sun kai tsawon yatsa, suna ja har bayan sun faɗi. Waɗanda suka sauka a kan tsakuwa sun mutu a wurin. Abu uku ne suka kama: tsintsiyar da aka bari a jingine a ƙofar madafa, da shimfiɗar akurkin kaji, wanda ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cikin wata uku, sai hular rumbu na biyu. Ɗana ne ya hango hayaƙi yana fita daga ƙoƙonta, ya hau tsani da jiƙaƙƙen buhu, ƙanena yana miƙa masa ruwa, suka yaye gefen da ya kama suka jefo shi ƙasa. Dawa ta jiƙe daga sama, amma ba ta ƙone ba.

Ba a rasa gida ko ɗaya a unguwar ba. An rasa tarin kara biyu da wata bukkar gona da ke wajen hanyar. Da yamma na duba kusurwar madafa, inda ganyen darbejiya ke taruwa a dā, na ƙirga baƙaƙen guntaye 43 a kan tsakuwa. Mun kwana muna zagaye bi da bi, saboda kututture da kashin shanu suna riƙe wuta har gari ya waye.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na biya magini da kafinta cikon haƙƙinsu, jimillarsu sefa 130,000. Duk abin da aka kashe ya kama 673,000, wato ya haura abin da na ware da 73,000, kuma rago na sayar na cike. Daga ciki, sefa 51,000 kuskure ne ya ci su: bulon da ya tsage, da diyyar kara, da ragar roba, da azarar da ta karye.

Abin da ya rage kafin azumi shi ne a shanya dawar da ta jiƙe, a mayar da akurki na ƙasa a kuma matsar da shi daga bango, sai yaɓen katanga ta waje kafin ruwan Mayu. Rumbu na biyu zai jira kuɗin kaka, amma na sa an tuɓe masa hula an kifa masa ragowar kwano falle biyu, an danne da duwatsu. Zanar kudu da ta yamma suna nan, za a dai yanke mita biyu daga inda suka haɗu da zaure a gina wurin da bulo.

Jauro ya kira taron masu gonakin bakin kwari ranar Juma'a bayan masallaci, domin a sa ranar yankan ciyawa da ranar ƙona hanya ta bana tun yanzu, a kuma ja ta har bayan makaranta. Ya ce in zo da wannan littafi in karanta musu abin da na rubuta ranar 19 ga Nuwamba.